Ɗan Akuya Yana Makara Wajen Tsalle

Zuwa ga Innata ta wajen aiki,

Gaisuwa irin ta mai sabon alƙalami. Ina fata kina lafiya, ke da abokiyar zamanki ta ɗakin haya, da aikin gwajin ruwan nan da ya ɗauke mana ke. Mu nan ƙalau muke. Gwiwata ta dama tana ta ƙorafinta na kullum, na ce ta kai ƙara inda take so. Babanki ya leƙo ranar hutu, ya dube ni sama da ƙasa kamar tsohuwar mota a bakin kasuwa, ya ce na rame. Ban rame ba, rigar ce ta yi girma.

Kafin komai ki dubi takardar nan da kyau. Babu hannun kowa a cikinta. Malamar ajinmu ba ta gani ba, balle ta gyara. Ni ne dai kakanki kafinta, wanda ya haura saba'in yana dangwala yatsa a takarda, yau nake rubuta wa jikar da ta ci sunan uwata wasiƙa. An ba mu sakamakon ajin yamma, na zo na uku. Dogo, abokin sana'ata da muke zama benci ɗaya, ya zo na tara, kuma har yanzu gaisuwarsa ba ta dawo daidai ba.

Saƙonki ya iso ta hannun direba. Da na buɗe na ga hoton ɗan akuyan nan mai jan gyale, sai da na miƙe tsaye. Ban san an yi wa wasanmu na talabijin kashi na biyu ba. Na ɗauka da muka kai shi gida a na farkon, ni da ke, kafin ki tafi, shi ke nan ya huta.

Na sa shi a na'urar da kika bar mini, na kunna talabijin. Innata, duniya ta ci gaba ba a gaya mini ba. A na farko mutumin namu dama kawai yake nufa, kamar mai bin bango. Yanzu yana shiga ciki yana fitowa, garin yana juyawa da shi, har sai da na kama hannun kujera. An ba shi laima. In ya yi tsalle ka sake dannawa, sai ya buɗe ta ya sauko a hankali kamar gashin kaza. Na yi ta hawa dutsen farko ina faɗowa da gangan don in ga laimar nan. Ciyawa ma kwanciya take yi in ya taka ta. Wane ne ya zauna ya yi wa ciyawa wannan hidima?

Amma ina da tambaya ga maginin garin. Katako a sararin sama, ba ginshiƙi, ba ƙusa, ba igiya, me ya riƙe shi? Wannan karon har yawo katakon yake yi. Da ni na yi wa mutum irin wannan aiki, da tuni ina gaban alƙali.

Abu biyu ne ba su yi mini ba. Na ɗaya surutu. Kafin a bar ka ka yi tsalle ɗaya, sai wata tsohuwar kunkuru ta tare ka da tarihin kakanninta, kai kuwa yatsa na ƙaiƙayi. Na biyu, tsallen yana makara. Ina dannawa daidai bakin rami, amma kafin ya tashi ya riga ya faɗa. Na farkon ba haka yake ba. Ko ƙiba suka ƙara masa?

Ga wani albishir. Rufin ajinmu yana yoyo daidai kan allo. Bara Malama tana rubutu ruwa yana sharewa. Na miƙe a gaban aji na ce ni zan hau in sauya kwanon kafin damina, tukuicin karatuna ke nan. Har tafi aka yi mini. Kwano da katako sun iso, hannu kawai ake jira.

Kada ki ba ni amsa ta waya. Waya ta gaisuwa ce. Na sha wuya kafin in iya karatu, ki ba ni abin karantawa.

Kakanki, kuma ɗanki mai furfura.

*

Zuwa ga ɗana mai furfura,

A ƙofar ma'aikata aka miƙa mini wasiƙarka. Ban iya jira in kai ɗaki ba, a tsaye na karanta ta, mai gadi yana tambayata lafiya nake dariya da hawaye. Lafiyata lau, sai tsayuwar ɗakin gwaji da ke kumbura mini ƙafa. Na uku! Ka ce wa Baba Dogo uwarka ta ce ya yi haƙuri, abin gado ne.

Na kai tambayarka ta katako wurin abokiyar zamana, tunda a na'urarta nake buga nawa. Ta ce a gaya maka abin da ya riƙe gajimare shi ya riƙe katakon. Ita kuma kunkuru, ka danne madannin baya kada ka saki, za ta haɗiye tarihinta.

Na wuce ka da nisa. Ba zan faɗa maka abin da ke gaba ba, amma akwai wani zango da in ka gan shi za ka manta da abincin rana. Ni abin da ke ƙona mini rai fitilun nan ne da ake kunnawa don a ajiye zango. Sun yi musu nisa da juna. Ka sha wahala ka kusa kaiwa, ka zame sau ɗaya, a mayar da kai baya kamar ba ka yi komai ba. Wani lokaci kuma garin ya juya, bishiya ta tare maka gani daidai lokacin tsalle.

Sai dai maganar makara ta ɗaure mini kai. Nawa ba ya makara. Ka sauya batirin abin riƙewar da kake dannawa, ka goge madannan. Na san halinka, da garin katako a hannu kake ɗaukarsa.

Rufin nan, wa zai hau tare da kai?

Innarka.

*

Innata,

Na gaishe ki, na gaida ƙafar da ke kumbura. Ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin dawo. Ni lafiya, gwiwa ma ta janye ƙararta. Dogo ya ji saƙonki, ya ce uwar da ɗan duk bakinku ɗaya.

Na sauya batiri. Na goge madannai da tsinke da auduga. Har na ari abin riƙewar maƙwabcina tela na gwada. Ɗan akuya yana nan da halinsa. Na gama yanke hukunci, masu kashi na biyu ne suka ɓata tsallen. Haka sabon abu yake, a ƙawata fuska a manta da ƙafa.

Sun kuma yi mini wani cin fuska. A gadar katakon nan mai rubzawa na faɗa, na faɗa, na sake faɗawa. Can sai ga wani farin tsuntsu mai dogon baki ya sauko, aka rubuta wai ko ina so ya ɗauke ni ya tsallake da ni. Da kaina na karanta, shi ya sa ya fi yi mini zafi. Ni da na yi shekara hamsin a kan katakon da bai kai tafin hannu faɗi ba, tsuntsu zai goya ni? Na ce a'a. Ya koma kan reshe ya zuba mini ido kamar mai jiran gawa. Sai da na ƙetare da ƙafafuna, na juyo da ɗan akuya ya kalle shi.

To, na iso zangon da kika ce. Garin rufi! Innata, Allah ya yi miki albarka. Gari guda ba ƙasa, sai rufi bayan rufi, na kwano, na tayil, mai doro, mai gangara, da bututun hayaƙi da igiyoyin shanya. Na ajiye abin riƙewar a cinya na yi ta kallo. Wanda ya zana wannan ya taɓa hawa rufi, ko ubansa ya hau. In ɗan akuya ya taka kwano ƙararsa daban, in ya taka tayil daban. Kuma in ka tsaya a tsakiyar kwano sai ya lotsa, dole ka bi layin ƙusa. Wannan gaskiya ce tsantsa, haka nake gaya wa kowa.

Abin da ya fi burge ni hazon da suka zuba wa garin. Fari-fari, kamar an ɗiga madara a ruwa, rufin nesa suna narkewa a cikinsa. Kowace fitilar titi kuma an yi mata zobe na haske, kamar wata ya yi lalle. Yana wahalar da tsalle, don ba ka ganin bakin rufi sai ka zo kansa, amma kyau ne da shi, na yafe musu. Yaya ake zana hazo? Ki tambayar mini abokiyar zamanki.

Makarar nan ma ta zama annoba a gidan. Jiya ina haɗa wa tela benci na kai wa ƙusa guduma na sami katako, har sau biyu. Da safe kuma na zuba shayi a gefen kofi. Na ce to, guduma da buta sun koyi halin ɗan akuya.

Kin tambayi wa zai hau da ni. Rufin aji ɗaya ne fa, ba masana'anta ba. Dogo zai miƙo mini kwano daga ƙasa. Mun sa ranar hutun da ke bayan mai zuwa, don hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Ɗanki.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Yau ba da wasa na zo ba, ka karanta a hankali.

Da na gama wasiƙarka na koma garin rufi, na tsaya inda ka ce. Na kira abokiyar zamana ita ma ta duba. Kaka, babu hazo a garin nan. Rana ce tarwai, ana hango rufi na ƙarshe har da tsuntsayen da ke kansa. Fitilun ba su da zobe. Tsallen kuma ba ya makara, mun gwada shi ta kowace hanya.

Na haɗa wannan da ƙusa da kofin shayi, sai na tsorata. Ni ba likita ba ce, ruwa nake gwadawa. Amma ina ganin abin ba a cikin talabijin yake ba. Ɗan akuya in ya kuskure bakin rufi, fitila ce take mayar da shi. Kai fa?

Ina roƙonka kada ka hau rufin nan sai an duba maka ido. Ka huta, ka bar wani ya hau. Ban gaya wa Baba ba, don na san in ya ji zai zo ya kwashe tsaninka ya kulle. Na fi so ka yi da kanka.

Jikarka.

*

Kaka,

Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka sa a aljihu kawai. Na kira ka, ka ce mini lafiya lau, in jira sai ka rubuto, ka kashe. Ba ka taɓa kashe mini waya ba.

Na yi ta juya abin da na rubuta. In kalmar hutu ce ta ɓata maka rai, ban ce ka gama aiki ba. Ban ce ka tsufa ba, ko da yake ka tsufa, kuma ka san haka. Rufi ɗaya na ce.

Ranar da kuka sa ta matso, ga shi ban san ko ka fasa ko ba ka fasa ba. A wurin aiki na zuba samfurin ruwa a kwalbar da ba tasa ba, sai da aka sake gwajin. In wannan direban ma ya dawo ba takarda, zan kira Baba. Ka yi fushi da ni kana da ƙafafunka ya fi mini.

Innarka, ko kana so ko ba ka so.

*

Zuwa ga Innata,

Na gaishe ki gaisuwar mai kunya. Lafiyata ƙalau, ƙafafuna biyu suna nan, ki kwantar da hankalinki ki daina cakuɗa wa mutane ruwa. Ba sai kin kira babanki ba, ni na kira shi.

Gaskiya na yi fushi. Na karanta "ka huta, ka bar wani ya hau" na tsaya a nan, sauran ban ma gan shi ba. Na ce yarinyar da na koya wa riƙe cokali ita ce yau za ta sauke ni daga tsani. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin talabijin. Ga alkawari na yi a gaban aji, an tafa mini. Da wane baki zan koma in ce ba zan iya ba?

Amma kin san ni da son sanin dalili. Abin ya yi ta cina. Hazo yana nan ko ba ya nan? A sana'armu in kana shakkar tef ɗin awo, ba ka musu da shi, sai ka auna abin da ka riga ka san tsawonsa. Sai na ciro kashi na farko daga akwati, wanda na san kowane raminsa kamar hanyar banɗakina. Na kunna. Innata, sai ga hazo a zangon farko, inda ni da ke muka san sama shuɗiya ce garau. Na nufi ramin farko, wanda ko kina barci kina tsallake shi. Na faɗa. Na sake, na faɗa. Na ce ikon Allah, su ma waɗannan an biyo su har cikin akwati an ɓata musu tsalle?

Sai na yi abin da kafinta yake yi in zai duba miƙewar katako, na rufe ido ɗaya. Hazo ya ragu. Na tsallake ramin. Har na fara murna zan rubuto miki in ce kin ga, sai wani tunani ya zo mini. Tun ina yaron shago idon hagu nake rufewa in duba da na dama. Kullum. Ban taɓa rufe na dama ba, me zai sa? Na ɗaga hannu na rufe shi.

Ɗan akuya ya ɓace. Jan gyalen kawai nake gani yana yawo a cikin madara. Na juya na dubi ƙofa, na dubi kalandar bango, na dubi tafin hannuna. Duk madara. Na daɗe a zaune ina rufe wannan ina buɗe wancan, kamar yaro ya sami sabon abin wasa. Tsoro ya zo daga baya, amma mamaki ne ya riga shi. Ashe mutum zai iya yawo da rabin ganinsa a rufe bai sani ba? Ashe allin Malama ba shi ne ya dusashe ba, ni da nake ta cewa a sayo mai kyau?

Babanki ya kai ni asibitin ido. Bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi faɗan ciwo. Likitar ta sa ni karanta haruffa a bango, manya a sama ƙanana a ƙasa. Ki duba wannan sa'a. Da bara waccan aka kawo ni, sai dai a nuna mini hoton kaza. Na karanta mata layi huɗu da murya irin ta gaban aji. Da aka rufe na dama kuwa, ko babban na sama ban gani ba. Ta ce yanar ido ce, ta hagu ta nuna, ta dama ma ta fara. Ta ce aikin ba mai tsawo ba ne, za a cire yanar a sa wani ɗan gilashi a ciki. Na tambaye ta me zai riƙe gilashin. Ta yi dariya ta zana mini a takarda, kuma shi yana da abin riƙewa, ba kamar katakon mutanenki ba. An ba ni rana. Ta ce kafin nan ba ni ba tsani.

Saura aji. Na je da wuri na sami Dogo shi kaɗai a benci. Na ce, "Dogo, kai za ka hau." Ya dube ni ya ce, "Na tara zai hau, na uku yana ƙasa?" Na ce, "Haka jarabawar ta zo." Bai ƙara tsokana ba, ya ce in kawo gudumata, tasa ta yi sauƙi. Da mutane suka taru na miƙe na faɗa musu da bakina. Ba a tafa ba. Malama ta ce in dawo bencin gaba.

Ranar hutu aka yi aikin. Dogo a sama, ni a ƙasa ina riƙe da tsani ina miƙa kwano. Ban taɓa sanin wuyan mai kallon rufi daga ƙasa yana ciwo haka ba. Duk ƙusar da ya buga sai na ji ta a hannuna. Na yi ƙoƙarin kama bakina, amma da ya kai layi na uku na kasa. Na ce, "Dogo, layin nan ya karkace, ya yi hagu." Ya ce bai karkace ba. Na ce ni zai gaya wa? Na rantse masa ya karkace. Mutanen aji suna tsaye suna kallonmu.

Dogo ya ajiye guduma. Ya ciro igiya daga aljihu, ya ɗaura a ƙusar wannan gefe, ya ja ta zuwa wancan, ya ɗaga ya saki ta buga kwano. Ya ce Malama ta matso ta duba. Ta ja da baya ta duba, ta dube ni, ta ce, "Baba, a miƙe yake."

Na ce, "To, madalla. Ci gaba, Dogo." Na sa hannu biyu na riƙe tsanin da kyau har ya sauko.

Ki rubuto da manyan haruffa kafin a yi mini aikin idon.

Ɗanki mai furfura.